Da gwamnati ta janye hannu, wa ke gadin kuɗinmu?

 

A wani zama da muka yi gab da rabon asusun bara, ma'ajiyarmu ta kawo maganar da ta hana mu tashi har aka kira la'asar. Ta ce akwati ya yi nauyi, ita kuwa ta daina barci. Mu 30 ne, kowace tana zuba dala 100 a mako. In rabo ya matso, bashi ya dawo duka, kuɗin kan haura jika 600, a ɗakin mace guda mai ƙyauren kwano. Makulli uku na hannun mata uku, gaskiya ne, amma ɓarawo da akwatin gaba ɗaya yake tafiya.

Ƙananan cikinmu suka ce a kai kes, ko a zuba a salula. Tsofaffi suka ce a'a. Wata iya da ta girme mu duka ta ce: "Ku yara ne. Mu mun ga banki ya rufe ƙofa da kuɗin mutane a ciki." Aka yi dariya, ita ba ta yi ba. Wannan ya sa muka bi diddigin maganar, ga abin da muka samo.

A zamanin iyayenmu kusan komi yana hannun gwamnati. SONARA ke sayen gujiya, OPVN ke riƙe da cinikin hatsi, BDRN shi ne babban banki, akwai kuma kes na bashin manoma, CNCA. Da kuɗin uraniyom ya faɗi a farkon shekarun 1980, ga fari, ga bashi, sai ƙasa ta nemi rance wurin FMI da Bankin Duniya. Suka ba da, da sharaɗi: gwamnati ta rage kashe kuɗi, ta saida kamfanoninta ko ta rufe su, ta sakar wa kasuwa mara. OPVN aka bar shi da ajiyar hatsin ko-ta-kwana. SONARA ta mutu, ko da yake fari da ciwon gujiya sun riga sun kayar da ita. CNCA ya rufe, BDRN ya bi baya a 1990, daga ɓurɓushinsa aka kafa SONIBANK.

A faɗi gaskiya, waɗannan gidaje a hannun gwamnati suka lalace. Manya sun ci bashi ba su biya ba. Saboda haka ba mu cewa zamanin da aljanna ne. Abin da ya tsaya mana a rai shi ne wanda ya biya ɓarnar. Mai babban ciniki yana da hanyar jin labari da wuri, ya kwashe nasa. Malamin makaranta, da ɗan tireda, da matar da ta saida akuya biyu ta kai ajiya, su ne aka bari suna jerin gwano da ɗan littafi a hannu.

Ma'aikata sun sha nasu. An sallami wasu, an lallashi wasu su bar aiki da ɗan abin sallama, aka ce su je su yi sana'a. Mutumin da ya shekara ashirin a bayan tebur, me ya sani na kasuwa? Da yawa kuɗin ya narke kafin shekara. Waɗanda suka rage kuma, a shekarun 1990 sun yi watanni ba albashi. Ɗalibai da suka fito a Yamai ranar 9 ga Fabrairu 1990 suna ƙin tsuke bakin aljihu a fannin ilimi, an harbe uku a gadar Kennedy. Daga baya aka koma ɗaukar malamai ƴan kwantaragi, aiki guda da na cikakken malami, kuɗi kaɗan. Duk gidan da albashi ya tsaya, kun san wa ya tashi: uwargida ce ta ɗora kasko a ƙofar gida, ƙosai da safe, awara da marece. Ba banza ba ne Mata Masu Dubara suka soma a 1991 a jihar Maraɗi. Lokacin ne ƙofofin bashi suka rufe, mata suka ce bari mu ba juna.

Sai ga karya darajar sefa, 12 ga Janairu 1994. Tamma guda ta Faransa da ake canzawa a sefa 50 ta koma 100. Mu da muke ƴan mata lokacin muna tuna yadda atamfa da magani da shinkafar waje suka yi tsalle. Masu kai shanu Najeriya da masu albasar Galmi sun ɗan ji daɗi, don kayansu ya yi araha a idon mai saye na waje. Amma wadda ta binne kuɗi a tukunya tana tarin kayan ɗakin ɗiya, ta wayi gari abin bai isa ba.

To, nan ne maganar ta fi shafar mu. Da manyan gidajen suka tafi, ƙanana suka tsiro kamar ciyawar farkon damana: kes-kes na ajiya da bashi, na gari, na unguwa, na furoje. Wasu sun yi aiki na ƙwarai, har yau suna nan. Wasu kuwa tebur ne da hatimi da mai iya magana. An yi dokar kes-kes a 1996, amma hukumar musamman mai sa masu ido, ARSM, sai 2007 aka kafa ta. Garke ya riga makiyayi fita. Ƙungiyar da ta raine mu, ta iyayenmu mata, ta faɗa wannan rami. Suka kai jika 180 wani kes don a ba su bashi ninki uku, kamar yadda aka yi masu alkawari. Bashin farko ya fito, aka biya. Da aka koma karo na biyu, sai "ku dawo mako mai zuwa", har ranar da aka tarar da kwaɗo a ƙofa. Ba a kai ƙara ba, don ba wadda ta san inda ake kaiwa, takardar da ke hannunsu ma ba wadda ke iya karanta ta. Ƙungiyar ba ta sake zama ba. Kuɗin bai kai zafin zargin da ya shiga tsakaninsu ba. Akwai mata biyu da har ɗayar ta rasu ba su gaisa.

Kada mu yi butulci, sakin marar ya kawo abin da muke mora. Da waya na hannun gwamnati kaɗai, wa ke da ita a ƙauye? Yau ɗa yana Agadas ko Abijan, ya aiko da kuɗi, kafin a gama dakan fura sun iso. Sai dai kowane shiga da fita akwai abin da ake yanka, kuma in lambar sirri tana kan mace guda, makullanmu uku sun zama ɗaya.

Yanzu akwai dokokin da ba su nan a zamanin iya, sai dai ba wanda zai biyo mu gida ya karanta mana su. Tun 2014, kuɗin ruwan da kes zai ɗora a bashi bai halatta ya wuce 24 bisa 100 a shekara ba, har da kuɗin takardu da sauran tarkace. Wato a jika 100, iyaka jika 24 a shekara cur. In an ce maki "biyu bisa ɗari ne kawai", ki tambaya: a wata ko a shekara? A kan dukan bashin, ko a kan abin da ya rage? (Mu ma a akwati 10 bisa 100 muke ɗorawa a wata, ya fi na kes nesa ba kusa ba. Bambancin, namu ranar rabo yana dawowa zanenmu. Duk da haka maganar ta cancanci zama na musamman.) Tun Oktoban 2014 kuma BCEAO ta wajabta wa bankuna wasu ayyuka kyauta, ciki har da buɗe kont, da ba da littafin ajiya, da rufe kont. Akwai kuma asusun lamunin ajiya na ƙasashenmu masu sefa: in banki ya faɗi, ana maida wa mai ajiya har miliyan 1 da jika 400, in kes ne har jika 300. Ku riƙe wannan da kyau: manyan kes-kes ne ke cikin lamunin, ba kowane ba.

Jika 300. Namu kuwa ya haura 600. Da muka kawo wannan lissafi a zama na gaba, wuri ya yi tsit, iya ta gyara ɗaurin kallabi ba ta ce komi ba.

Abin da muka tsayar ke nan. Mata uku suka tafi birni, biyu masu karatun yaƙi da jahilci, ta ukun iya da kanta, don ta ce sai ta ga idon mai kes. Suka nemi ganin takardar izinin ministan kuɗi da lambarta, suka tambaya ko gidan yana cikin asusun lamuni, da ko za a iya fidda kuɗi duk ranar da aka so, da nawa ake yanka. A gida na farko aka ce shugaba ya yi tafiya da takardar. Suka yi godiya suka fito. A na biyu tana rataye a bango, aka sauko da ita suka kwafe lambar.

Can muka buɗe kont da sunan ƙungiya, ba da sunan shugaba ba, kuma sai da sa hannun mata biyu cikin uku kuɗi ke fita. Ba mu kai fiye da jika 300. Sauran yana yawo a bashi tsakaninmu, wani kuma mun sa a buhunan wake da kaka, mu saida da bazara. Kowane resi ana karanta shi da ƙarfi a gaban kowa kafin ya shiga akwati. Sun yi mana tayin bashi sau biyu, mun ce a dakata sai mun ga shekara ta zagayo.

Ma'ajiya ta ce yanzu tana barci. Iya kuwa kowane wata sai ta sa an kira kes ɗin a salula, a gabanta, an tambayi nawa ke ciki.