Minti uku a kan titin Lugbe

Kusan duk ma'aikacin da ke shigowa Abuja da safe daga Lugbe, Kubwa ko Nyanya yana da wata taswira a kansa wadda ba a taɓa bugawa ba. Ya san ƙarƙashin wace gada jami'an kiyaye haɗurra suka saba ajiye motarsu, ya san kwanar da 'yan sanda kan tsaya, ya kuma san daga inda zai ɗaga ƙafa daga totur. Idan ya shagala, wani direban zai ƙyafta masa fitila. Da zarar an wuce wurin, sai allurar gudu ta sake hawa.

Ƙa'idar a rubuce take. A kundin dokokin hanya na Najeriya, motar gida ba ta wuce kilomita 50 a sa'a a cikin gari, 80 a babbar hanya, 100 a titin da ake kira esfires. Tasi da bas iyakarsu 90 a esfires, tanka da tirela kuwa 60. Hukumar Kiyaye Haɗurra ta Ƙasa, FRSC, wadda aka kafa a 1988, ita ce kan gaba wajen sa ido, kuma tun watan Fabrairun 2017 ta fara tilasta wa motocin haya sanya na'urar ƙayyade gudu. Motar gida ba ta shiga wannan tilas ba, don haka ƙafar mai ita ce kaɗai ke ƙayyade ta.

Abin da ba a cika lissafawa ba shi ne ribar gudun. A ɗauka tafiyar kilomita 20 ce a titin Umaru Musa 'Yar'aduwa, wanda aka fi sani da titin filin jirgin sama. Mai gudun 100 zai cinye ta a minti 12. Mai gudun 130 zai yi ta a minti tara da 'yan daƙiƙoƙi. Ribar ba ta cika minti uku ba, kuma cunkoson Ƙofar Gari kan haɗiye ta kafin a hango Sakatariyar Tarayya. Nisan da mota ke ci bayan an taka birki kuwa ba ya ƙaruwa daidai da gudu, ninkuwa yake yi: a gudun 130 yana kusan kashi 70 cikin ɗari fiye da na gudun 100. A Lugbe, inda har yau wasu ke tsallaka titi a ƙasa alhali ga gadar masu tafiya a ƙafa, wannan ƙarin nisan ne ke raba wanda ya tsira da wanda bai tsira ba. Haka lamarin yake a gangaren Kugbo, inda manyan motoci ke saukowa da nauyinsu zuwa Karu da Nyanya.

Ga hadimai da direbobin manya, akwai wani ciwon na daban. Mai gida ne ke zaune a baya yana duba agogo, amma sunan direba ake rubutawa a takardar laifi, kuma lasisinsa ake ɗora wa maki. Hadimin da ya tsara taro biyu a jere, ɗaya a Maitama ɗaya a filin jirgi, ba tare da ya bar tazara ba, shi ya fara taka totur ɗin tun daga kan teburinsa.

An kuma samu ruɗani tun watan Oktoban 2024, lokacin da Babbar Kotun Tarayya a Abuja ta yanke cewa jami'an VIO ba su da hurumin tsayar da mota a hanya, ƙwace ta ko cin tarar direba. Wasu sun ɗauka hukuncin ya wanke kowa daga kowace tara. Bai shafi FRSC ba, bai kuma shafi 'yan sanda ba.

Wanda aka tsayar yana da damar tambayar laifin da ake tuhumarsa da shi, ya kuma karɓi takarda mai ɗauke da shi. Tarar FRSC a asusun gwamnati ake biyan ta ta hanyar Remita, ba a hannun jami'i ba. Wanda bai yarda ya yi laifin ba yana iya barin maganar ta je gaban alƙali, kuma hukumar kan kafa kotun tafi-da-gidanka a bakin titi, musamman a watanni huɗu na ƙarshen shekara, lokacin da take ƙara yawan sintiri.