Launi ba shaida ba ne: gaskiya da ƙarya kan dodon koɗin teku

Masu nutso a Bahar Maliya da tekunan Filifin da Indunusiya kan fito da hotunan wasu ƙananan halittu masu ado, shuɗi da baƙi da ruwan lemo, su saka a Facebook da suna a ƙasa. Dodon koɗi ne na teku marar kwanso, kuma masana sun yi wa fiye da iri 3,000 suna. Hotunan na yawo, maganganu na bin su, kuma da yawa daga cikin sunayen da ake liƙawa ba daidai ba ne.

Maganar da ta fi yaɗuwa ita ce wai da launi ake gane iri. Wannan ƙarya ce, kuma ita ce uwar sauran kurakuran. Dubi Chromodoris lochi da Chromodoris willani: dukansu shuɗi ne mai haske da baƙaƙen layuka a gadon baya, in ka hango su sai ka rantse abu ɗaya ne. Bambancin yana jikin ƙahoni biyu na kai, waɗanda dabbar ke sansana ruwa da su, da kuma gashin numfashin da ke tsaye a bayanta kamar tuntun hula. Na willani suna da fararen ɗige-ɗige, na lochi babu. Ko wannan ma bai kashe magana ba. A 2018 Kara Layton da Terrence Gosliner da Nerida Wilson sun binciki ƙwayoyin halittar dangin Chromodoris, suka gano iri ɗaya kan zo da ado daban-daban, har ya kwaikwayi adon wani irin da suke zaune wuri guda. Ke nan wanda ya haddace hotunan littafi tsaf yana iya yin kuskure, kuma ba laifin idonsa ba ne.

Haka aka daɗe ana cewa babban jan nan mai rawa cikin ruwa da dare, Hexabranchus sanguineus, iri ɗaya ne tun daga Bahar Maliya har Hawai. Binciken da aka buga a 2023 ya raba shi gida-gida.

Ana kuma ɗauka cewa duk wani abu mai ado da ke rarrafe a kan murjani dodon koɗi ne. A'a. Akwai shimfiɗaɗɗun tsutsotsin teku da ke kwaikwayonsa. Pseudoceros imitatus ta ɗauki kamannin Phyllidiella pustulosa, har da ƙurajen baya, domin kifi ya san mai wannan adon ba ya ciwuwa. Tsutsar siririya ce ƙwarai, ba ta da ƙahonin gaske, gefen jikinta ne ta naɗe ya yi kama da su. A nan sai an yi hattara: rashin gashin numfashi a baya ba ya nufin tsutsa ce, domin dangin Phyllidia nasu yana ɓoye a ƙarƙashin gefen jiki. Ƙahonin za a duba.

Batun dafi kuwa rabinsa gaskiya ne. Da yawansu suna cin soson teku, su adana gubarsa a jikinsu, adon kuma gargaɗi ne ga kifi. Amma cewa taɓa kowannensu kisa ne ga mutum, ƙari ne. Wanda ya cancanci tsoro shi ne Glaucus atlanticus, ɗan shuɗin nan da ba kasafai yake wuce santimita 3 ba, mai cin halittu masu harbi yana tara makamansu a jikinsa. Harbinsa na da zafi sosai. Shi a saman ruwa yake shawagi, iska ta koro shi gaɓa. Dogon shuɗin da mai nutso ke gani a kan dutse a ƙasan ruwa Pteraeolidia ne, wani dangi daban, ko da yake laƙabi ɗaya ake kiransu da shi.

Ni dai ina ganin dalilin da ya fi ƙarfi na barin su ba tsoro ba ne. Da ka taɓa Chromodoris sai ya janye ƙahoninsa da gashin numfashinsa cikin jiki, ka wahalar da dabba, ka kuma ɓatar da shaidar da kake nema. Ka dakata har ya saki jiki, ka ɗauki hotonsa ta sama da ta gefe, ka haɗa da abin da yake ci, ka rubuta wurin da zurfin ruwan. Wasu irin ko da haka ba sa rabuwa sai masana sun duba haƙoran harshensu a madubin ƙara girma, ko sun gwada ƙwayoyin halitta. In hotonka ya faɗa cikin waɗannan, rubuta sunan dangi kawai, Chromodoris ko Phyllidia, ka bar gurbin iri a buɗe.