Yadda Gidajen Hakiman Edo Suka Haifi Tokyo

Lokacin da Tokugawa Ieyasu ya sauka Edo, wato Tokyo ta yau, a 1590, ƙaramin gari ne a bakin fadama. A 1603 ya zama shogun, sarkin yaƙin da ke riƙe da ragamar Japan. Tsoron tawaye ne ya cika garin da jama'a. Daga 1635 doka ta tilasta wa hakiman larduna su riƙa yin shekara guda a Edo, shekara guda a ƙasashensu, matansu da magadansu kuwa su zauna birnin dindindin a matsayin garkuwa. Hakimi ba ya tafiya shi kaɗai. Dakaru da barori suka biyo shi, 'yan kasuwa da masu sana'a suka biyo kuɗinsa. A ƙarni na 18 mutanen Edo sun kai miliyan guda.

Da aka sassauta dokar a 1862, mulkin shogun kuma ya faɗi a 1868, hakimai suka tattara nasu ya nasu suka koma gida. Wasu gidajen har nome su aka yi, aka dasa shayi. A ganina wannan kufai ne babban jarin Tokyo. Sabuwar gwamnatin Sarki Meiji ta tarar da makeken fili a tsakiyar gari, ba sai ta tashi talakawa ba. Jami'ar Tokyo tana zaune a gidan hakiman Maeda, jar ƙofar da suka gina a 1827 tana nan tsaye. Unguwar hakimai ta Marunouchi ta zama barikin soja, aka sayar wa kamfanin Mitsubishi a 1890, yau bankuna da ofisoshi ne cunkushe a cikinta.

Unguwannin talakawa kuwa wuta ce ta sauya su. Ginza ta ƙone a 1872, aka sake gina ta da jan bulo. Girgizar ƙasar 1923 da gobarar da ta biyo ta sun kashe sama da mutum 100,000, ruwan bama-baman Amurka na 1945 ya cinye abin da aka farfaɗo da shi. Tituna sun faɗaɗa, amma an cike magudanan kwale-kwale da yawa da ɓaraguzai.

Gaggawar shirin gasar Olamfik ta 1964 ta sa aka ɗora babbar hanyar mota a kan Nihonbashi, gadar da ake auna nisan hanyoyin ƙasar daga gare ta. Yanzu ana kashe maƙudan kuɗi don mayar da hanyar ƙarƙashin ƙasa.