Kulob Marar Kuɗi da Yaro Mai Ƙafa: Yadda Ake Zawarcin Matasan 'Yan Ƙwallo a Kaduna

A tawagar Najeriya da ta ciyo zinaren ƙwallon ƙafa a gasar Olamfik ta Atlanta a 1996, mutum biyar haifaffun Kaduna ne: Daniel Amokachi, Tijjani Babangida, Garba Lawal, da 'yan gidan Babayaro biyu, Celestine da yayansa Emmanuel. Garin bai daina haihuwa ba. Sadiq Umar, wanda ya ciyo tagulla a Rio a 2016 ya kuma taka leda a Roma da Almeria da Real Sociedad, shi ma ɗan Kaduna ne. Kulob-kulob ɗin garin ne suka kwanta dama. Ranchers Bees, wadda ta kai wasan ƙarshe na kofin Afirka na masu riƙe da kofunan ƙalubale a 1988, ta kuma ɗauki kofin WAFU a 1989, ta shafe shekaru a ajin 'yan dagaji. Kaduna United ta doke Enyimba a bugun fenariti ta cinye kofin ƙalubale a 2010, ɗan wasanta Jude Aneke ya zura ƙwallo 20 a kakar da ta biyo baya, amma zuwa 2014 ta faɗo daga firimiya.

To yaya kulob ɗin da ba shi da kuɗi, ba shi da kofi, sunansa kuma ya dusashe, zai shawo kan yaron da kowa ke rububinsa? A ce yaro ne ɗan shekara 16 a Unguwar Romi, wanda tun daga filin firamare ake nuna shi da baki, har labarinsa ya kai Sabon Tasha da Gonin Gora da Television. Me zai sa ya zauna, alhali ga akadamin Abuja da na Legas suna kira, ga kuma ejan yana yi masa romon baka da Turai?

Amurkawa sun daɗe suna fama da irin wannan tambaya, don haka bari mu leƙa can tukuna. A ƙwallonsu ta zari-ruga, jami'a ce ƙofa. Babbar gasarsu ta NFL ba ta ɗaukar yaro sai ya yi shekara uku da gama sakandare, saboda haka kowane haziƙi dole ya bi ta wata jami'a, ita kuma ta biya masa karatu da ci da kwana. Manyan jami'o'i su ke kwashe na gaba-gaba, ƙananan su tsinci saura. Amma an sha karya wannan lissafi. A 1979 Howard Schnellenberger ya karɓi ƙungiyar Jami'ar Miami a lokacin da har ana tunanin rushe ta. Ya ja layi a taswirar jihar Florida, ya ce duk yaron da ke kudu da layin nan nasa ne, ya baza mataimakansa lungu-lungu suna gaisawa da kocin kowace sakandare. A kakar 1983 Miami ta zama zakarar ƙasa. Bill Snyder kuwa, da ya isa Kansas State a 1989 ya tarar da ƙungiyar da ta fi kowacce tarihin shan kashi, sai ya koma kan ƙananan kwalejojin shekara biyu, inda manya ba su cika dubawa ba, ya riƙa ɗebo waɗanda aka raina. Sannan a Disambar 2021 Travis Hunter, yaron da ake yi wa kallon lamba ɗaya a duk ƙasar, ya fasa zuwa Florida State ya bi koci Deion Sanders zuwa ƙaramar jami'ar Jackson State, domin ya yarda da mutumin, kuma a can an bar shi ya buga gaba ya buga baya kamar yadda yake so.

Babu ɗaya daga cikinsu da ya fi abokan hamayyarsa kuɗi. Wani ya tsare gidansa, wani ya duba inda ba a dubawa, wani ya sayar da amana da damar buga wasa.

A nan gida jami'a ba ƙofa ba ce. Akwai gasar NUGA tun 1966, akwai NIPOGA ta kwalejojin fasaha, an kuma fara lig ɗin manyan makarantu na HiFL a 2018, amma da wuya ka ji an ce Jami'ar Ahmadu Bello ko Kadpoly ko KASU ta aika koci gidan wani ɗan sakandare tana neman ya zo ya buga mata. JAMB ce ke shigar da yaro, idan ya shiga aka ga yana da ƙafa sai a ba shi jesi. (Ƙwallon kwando ce ta ɗan bambanta: a Zariya koci Oliver Johnson, Ba'amurken da ake kira OBJ, ya raini yara da yawa, cikinsu har da Masai Ujiri wanda ya jagoranci Toronto Raptors ta ci kofin NBA a 2019.) A tamaula, kulob ɗin unguwa da akadami da ƙananan kulob na lig su ne ke tsaye a gurbin jami'a.

A da, abin da ake jan yaro da shi aiki ne. Ranchers Bees ta fara ne da sunan DIC Bees, kulob ɗin masana'antar ƙera makamai da ke Kakuri, kafin Alhaji Muktar Aruwa ya karɓe ta. Masaƙar UNTL ma tana da nata kulob. Yaro ya sa hannu, a rubuta sunansa a ma'aikatan kamfani, albashi na zuwa ƙarshen wata ko an ci ko an sha kashi, in gwiwa ta lalace yana da wurin komawa. Uba ba ya buƙatar dogon bayani. Da masaƙun Kakuri suka durƙushe, UNTL ta rufe a 2007, wannan tabbacin ya tafi da su, ya bar kulob-kulob na gwamnati waɗanda kowa ya san halinsu: sabon gwamna, sabon shugaban kulob, bashin albashi da na kuɗin sa hannu.

Kulob ɗin da ke fama yau ba zai iya yin alkawarin albashin Kano Pillars ko Enyimba ba, kuma idan ya yi, ƙarya ce da za ta fito kafin a je hutun rabin kaka. Hajarsa ta farko ita ce fili. Yaro ɗan 17 da ya tafi babban kulob benci zai ɗumama, don koci yana tsoron kora, ba zai bar gogaggu ya saka ɗanye ba. A ƙaramin kulob kuwa zai buga minti casa'in duk mako, a ɗauki bidiyonsa, kuma bidiyon nan shi ne takardar shaidarsa a wurin masu farautar 'yan wasa. Amokachi bai kai shekara 18 ba yana buga wa Ranchers manyan wasanni, a nan Clemens Westerhof ya gan shi ya kira shi Super Eagles, a 1990 ya wuce Club Brugge ta Beljiyam. Da a benci yake, da ba wanda ya gan shi.

Amma yaro ba shi ke yanke hukunci shi kaɗai ba, kuma a nan kulob da yawa ke kwafsawa. Sai su shirya gwaji a filin Murtala ko na Township, a sayar da fom, yara ɗaruruwa su taru tun asuba, a ba kowa minti goma sha biyar. Gwanin gaske ba ya zuwa irin wannan taro, zuwa ake yi wurinsa. Kuma kafin ka kai gare shi sai ka bi ta hannun kocin unguwa, mutumin da ya saya masa but ɗin farko daga gwanjo, ya biya masa kuɗin Keke zuwa wasa, ya raka shi kemis ranar da ya gurɗe. Idan ka tsallake shi ka yi wa yaron waya kai tsaye, labari zai zagaya Romi kafin dare, kuma ba za ka sake samun yaro daga filin nan ba.

Daga nan sai gida. Koci mai hankali zai zo da yamma tare da kocin unguwar, ya gaida Mama a bakin murhu, ya jira a ba shi kujera. Uban, wataƙila tsohon ma'aikacin masaƙa ne ko soja mai ritaya, zai saurara har a gama, sannan ya yi tambayoyin da ba su shafi ƙwallo ba. “Koci, WAEC ɗinsa fa? In ya karye wa zai biya asibiti? A ina zai riƙa kwana?” Wanda ya amsa da “Baba, kada ka damu, shekara mai zuwa yana Turai” ya riga ya faɗi, don Baba ya san ɗan maƙwabcinsa da aka sayar da fili aka biya wa ejan, aka yasar da shi a wani otel a ƙasar waje. Wanda ya ce “Baba, atisayenmu ƙarfe huɗu ne bayan an tashi makaranta, kuɗin jarrabawa muna biya, ga lambar likitanmu, ga kuma takarda ka ba wanda ya iya ya karanta maka kafin ka sa hannu,” shi ne zai tafi da yaron, ko da alawus ɗinsa bai kai rabin na wancan ba.

Maganar “shekara mai zuwa yana Turai” ma doka ta ƙaryata ta. Celestine Babayaro ya tafi Anderlecht a 1994 yana ɗan 16, amma tun 2001 FIFA ta hana kai yaro wata ƙasa kafin ya cika 18, in ban da 'yan togaciya da ba su cika shafar ɗan Najeriya ba. Ahmed Musa, duk da ƙwallo 18 da ya ci wa Kano Pillars, sai da ya jira Oktoban 2010 ya cika shekarun kafin ya fara buga wa VVV Venlo ta Holan. Wato tsakanin 15 da 18 dole yaro ya buga a gida, kuma waɗannan shekaru su ne kasuwar ƙaramin kulob. Dokar ta kuma hana ɗaure ɗan ƙasa da 18 da kwantiragin da ya wuce shekara uku, don haka iyayen da aka miƙo wa takardar shekara biyar su san da lauje cikin naɗi.

Ga kuma inda kuɗin yake, wanda da yawan masu kulob ba su kula da shi. Duk lokacin da aka sayar da ɗan wasa daga wata ƙasa zuwa wata yana cikin kwantiragi, ana cire kashi 5 cikin 100 na kuɗin a raba wa kulob-kulob ɗin da suka raine shi daga shekara 12 zuwa 23. Kowace shekara daga 12 zuwa 15 tana da rubu'in kashi ɗaya, daga 16 zuwa 23 kuma rabin kashi ɗaya. Kulob ɗin da ya riƙe yaro daga 12 zuwa 17 yana da kashi 2. Idan wata rana aka saye shi Yuro miliyan 10, Yuro dubu 200 kenan, kuma in an sake sayar da shi a sake biya. Tun Nuwamban 2022 FIFA ta buɗe ofishi a Faris wanda kuɗin ke bi ta cikinsa kai tsaye. Sharaɗin shi ne: kulob ya kasance mai rajista da hukumar ƙwallo, yaron kuma sunansa da shekarunsa na gaskiya suna cikin kundin. Kocin da ya raini yaro shekara shida ba takarda, ko sisi ba zai gani ba. Shi ya sa babban kulob da ya ce wa kocin unguwa “zo mu yi maka rajista, mu rubuta kasonka” ya ba shi abin da ya fi buhun ƙwallaye da jesi, kuma ya sayi amanarsa ta shekaru. Rage shekaru kuwa, wanda tun 2009 na'urar MRI ke tona asirinsa a gasar 'yan ƙasa da 17, yanzu har wannan lissafi yake ɓatawa.

Abu na ƙarshe da yaro ke dubawa shi ne sawun wanda ya riga shi. Remo Stars ta Ikenne ta faɗo daga firimiya a 2017, ta hau, ta sake faɗowa a 2019. Mai ita, Kunle Soname, ya gina fili da ɗakunan kwana da akadamin Beyond Limits, ya kuma sayi kulob ɗin Feirense a Fotugal, don haka yaro na ganin hanyar tun daga farkonta har ƙarshe. Akadamin ta ci kofin matasa na Viareggio a Italiya a 2024, Remo kuma ta ɗauki lig a 2025. A Gana, Mohammed Kudus ɗan unguwar Nima ta Akara, inda Hausa ke kai ka ko'ina, ya bi ta Right to Dream zuwa Nordsjaelland ta Denmak, daga nan Ajax. Ba sai an je nesa ba ma: akadamin Simoiben ta Moses Simon a Kaduna take, kuma daga cikinta Benjamin Fredrick ya fita ya kai Brentford ta Ingila. Yaro ɗaya irin wannan ya fi allon talla goma. Ranchers Bees ma, da Sadiq Umar ya shiga cikin masu ita, ta samu abin da ta daɗe ba ta da shi, wato mutumin da yaran yanzu suka gani da idonsu a gidan kallo.

Layin Schnellenberger a Kaduna yana da wata wahala tasa. Tun rikice-rikicen 2000 da 2002 kogi ya raba garin, jama'a suka yi ƙaura kowa ya koma inda yake jin ya fi aminci, unguwanni irin su Romi suka cika suka batse. Manyan filaye, na Ahmadu Bello da na Township da Murtala, duk suna arewacin gada. Uwar da ke Romi za ta yi lissafin kuɗin mota biyu zuwa biyu dawowa, ta kuma yi tunanin ɗanta yana tsallako gada bayan magariba. Uwar da ke Rigasa ko Kawo ita ma haka take ji in an ce atisaye a kudu ne. A ganina kulob ɗin da ya sayi bas ɗaya, ya raba ranakun atisaye tsakanin ɓangarorin biyu, ya ɗauki mataimakan koci daga nan da can, ya ninka yaran da zai zaɓa daga ciki ba tare da ya ƙara wa kowa albashi ba. Su kuwa KASU da Kadpoly suna riƙe da amsar tambayar farko da Baba ya yi, domin gurbin karatu da ɗakin kwana suna hannunsu. Kulob ɗin da ya fara zama da ɗayansu aka rubuta yarjejeniya, ko ta yara goma ce a shekara, zai shiga gidajen Romi da takardar da akadamin Abuja ba ta da irinta.