Zoɓon da Ya Kwana a Bazara

Shekarar da na fara zoɓon sayarwa a Dutsin-Ma, ɗalibai ne kasuwata. An kafa Jami'ar Tarayya a garin a 2011, cikin 'yan shekaru unguwanni suka cika da baƙi, kowane mai shago yana neman abin sha mai sanyi. Na auno zoɓo tiya biyu a kasuwar Laraba, na dafa, na zuba sukari da markaɗaɗɗiyar abarba, na ɗura a gorunan roba, na jera a firji. Da daddare aka ɗauke wuta, ba ta dawo ba sai da aka kwana biyu. Watan Afrilu ne, lokacin da zafin rana a ƙasar Katsina kan taɓa digiri 40. Da na buɗe firjin na tarar gorunan sun kumbura sun yi tauri, gindinsu ya turo waje har ba sa iya tsayuwa. Na murɗe murfin ɗaya, iska ta fito da ƙara, kumfa ta biyo ta ta wanke mini hannu, wani wari mai hawa kai ya bugi hancina. Na zubar da su duka a kwata. Jarina ke nan gaba ɗaya.

Ranar Juma'a na shiga mota zuwa Kurfi wurin Gwaggo, wadda take kunun zaƙi tun kafin a haife ni, ba ta kuma taɓa mallakar firji ba. Ta saurare ni har na gama, sannan ta ce, "Ke 'yar nan, wa ya ce miki zoɓo yana kwana da sukari? Ai sai mai sha ya zo ake zuba masa." Ta ja ni bayan ɗaki ta nuna mini randarta, an binne gindinta cikin yashi a inuwar dalbejiya, an rufe bakin da faifai. Ta kamfato mini ruwa da moɗa. Sanyinsa bai kai na firji ba, amma ya ratsa ni har ƙirji.

Daga baya na fahimci abin da ta sani da hannu. A jikin ɓawon abarba, da dabino, da ƙwayar gero, da iskar madafa, har da tafin hannunmu, akwai ƙananan halittu da ido ba ya gani. Wasu yis ne, irin wanda ke tayar da ƙullin fanke da burodi. Abincinsu sukari, in suka ci sai su fitar da iska da barasa. Iskar ce ta kumbura gorunana, barasar ce warin da na ji. Wasu kuma tsami suke kawowa, su ne masu mayar da madara kindirmo, su ne masu ba kunun zaƙi ɗan tsaminsa mai daɗi. Sai kashi na uku, masu sa gudawa da amai, waɗanda sukan shigo ta ruwa marar tsabta ko gora marar wanki. Dukansu zafi suke so. Akwai waɗanda in sun samu ɗumi da abinci, yawansu kan ninka cikin minti ashirin. Wani masanin Faransa, Louis Pasteur, shi ya tabbatar da cewa halittu masu rai ne ke wannan aiki, kuma a shekarun 1860 ya nuna cewa ɗumama abin sha zuwa wani mataki yana kashe su. A ƙasarsa masu ajiyar giyar inabi sukan haƙa ɗakuna a ƙarƙashin ƙasa, inda sanyi ke zama wajen digiri 12 ko 13 rani da damina. Su suna lallaɓa yis ne ya yi musu aiki a hankali. Mu so muke mu sha kafin ya fara.

Zancen barasar nan ne ya fi damuna, fiye da asarar kuɗi. Tsakanin kunun dawa da burkutu babu wata tazara mai nisa. Hatsi ɗaya ne, tsiro ɗaya ne, kwanaki da yis ne suka raba su. Ya zo a Sahihu Muslim cewa akan jiƙa wa Manzon Allah, tsira da aminci su tabbata a gare shi, zabibi a ruwa, ya sha a ranar, ya sha washegari, har zuwa yammacin rana ta uku, abin da ya rage bayan nan ba ya shan sa. Hukuncin abin da ya fara juyawa na malamai ne. Ni dai abin da na ɗaukar wa kaina shi ne, duk gorar da ta yi tauri, ko ta yi kumfa ba a girgiza ta ba, ko ta ciji harshe kamar lemon kwalba, ba zan miƙa wa ɗan kowa ba, balle mai azumi da ya wuni yana jiran kiran salla.

Kowane abin sha da nasa haƙurin. Zoɓo ya fi su juriya saboda an tafasa shi, kuma tsaminsa na asali yana takura ƙwayoyin cuta. Shi ya sa na daina jefa masa kanwa. Mata da yawa suna sa ta don ta kashe tsami su rage kashe kuɗin sukari, amma in tsamin ya tafi kariyar ta tafi, launin ma ya koma baƙi-baƙi. Kunun zaƙi da ɗan tsaminsa ake haihuwarsa, tun daga jiƙon gero da kwanan gasara, don haka na safe in ya kai la'asar a bazara ya riga ya soma wuce gona da iri. Kunun aya kuwa shi ne shagwaɓaɓɓe. Ba ya ganin wuta, ga dabino, ga kwakwa, ga maiƙo, ga injin niƙan unguwa da ya markaɗa tattasai da wake kafin ya zo kan naki. In babu ƙanƙara, awoyi kaɗan ya yi yauƙi. Ko a Balansiya ta ƙasar Sifaniya, inda suke da irin nasu kunun ayar, da sanyinsa ake sayar da shi.

Mai son farawa, ta fara da zoɓo, kuma ta fara da kaɗan. Yadda nake yi yanzu: in wanke shi in fitar da yashi, in tafasa shi sosai tare da citta da kanumfari da ɓawon abarba, domin ɓawon da ya dahu ba ya shigo da yis mai rai. In tace da mataci wanda ba a komai da shi sai wannan. Tsagwaron ruwan, mai kauri, babu sukari, shi nake ajiyewa a rufe. Wanda zan fitar ranar kaɗai nake sirkawa da ruwan da aka tafasa ya huce, in sa zaƙi. Gorunan kuwa, nan aka fi yin sakaci. Ana tsinto su ne daga wurin biki da tasha, baki dubu ya taɓa su. Sabulu da ruwan ɗumi, a goge zaren murfin da ɗan buroshi, a kife su su bushe. Ƙanƙarar saye a kewaye goruna da ita cikin kula, kada a fasa ta cikin abin sha, tun da ba ki ga ruwan da aka yi ta da shi ba.

Firji yana aikinsa ne in sanyinsa bai haura digiri 5 ba, mu kuma wutarmu zuwa take ta koma. Abin da ya yi sanyi ya huce, ya sake sanyi ya sake hucewa, kowane hucewa dama ce ga yis, sanyin baya kuma ba ya gyara ɓarnar da aka riga aka yi, ɓoye ta kawai yake. Na koyi cusa gorunan ruwa a kowane gurbi na firiza su daskare, in wuta ta tafi kuma in hana yara buɗewa.

Randar Gwaggo ma ban raina ta ba. A kan irin hikimarta ne wani malami a Jigawa, Mohammed Bah Abba, ya yaɗa dabarar saka ƙaramar tukunyar ƙasa cikin babba, a cika tsakaninsu da jiƙaƙƙen yashi, a rufe da jiƙaƙƙen tsumma, har ya samu kyautar Rolex a 2000. Ruwan da ke tsattsafowa ta jikin tukunyar yana bushewa yana tafiya da zafi. Ta fi aiki da hunturu da bazara, lokacin da iska ta bushe. Da damina ƙarfinta kaɗan ne. Ba za ta kai kunun aya gobe ba, amma takan riƙe mini tsagwaron zoɓo daga hantsi zuwa magariba. Tawa tana nan a lungun da rana ba ta kai wa, kusa da turmi. Safe da azahar ƙaramar 'yata ke zuba wa yashin ruwa da buta, ta taɓa tsumman da bayan hannu, in ya bushe ta ƙwala mini kira.