A Ina Ya Kamata a Fara Cika Gurbi?

Yau za mu duba wata gardama da ta daɗe tsakanin masu rubuta wa kwamfuta umarni.

A shekarar 1967 waɗansu masana biyu na ƙasar Norwe, Ole-Johan Dahl da Kristen Nygaard, suka fito da wata dabara da ake kira aji. Aji kamar takardar cikewa ce mai gurabe: gurbin suna, gurbin shekaru, gurbin bashi. Bjarne Stroustrup, mutumin Danmak, ya ɗauki dabarar a 1979, daga nan aka sami harshen C++.

To, ga inda wahalar take. Ƙwaƙwalwar inji kamar allon almajiri ce wanda ba a wanke ba. A harshen C++, in ka buɗe gurbin lamba ba ka sa kome ba, sau da yawa abin da aka bari can a dā shi injin zai karanto. Yau ya ba ka sifiri, gobe ya ɗora wa bawan Allah bashin da bai ci ba. Kuskure irin wannan yana da wuyar kamawa, domin ba kullum yake fitowa ba.

Dā can, galibi ana cika gurabe a wurin da ake kira magini, watau umarnin da ke haɗa sabuwar takarda. Amma aji ɗaya yakan sami magini uku ko huɗu, sai a cika gurbi a biyu, a manta a na uku. Saboda haka a 2011 aka yarda a rubuta ƙimar farko nan gefen sunan gurbin. Ƙa'idojin da Stroustrup da Herb Sutter suka fitar a 2015 sun bi wannan: ƙimar da ba ta sākewa a sa ta gefen suna, wadda kuwa take zuwa daga waje a bar wa magini. A ganina wannan rabo ya yi daidai.

Saura tarko guda. Injin yana cika gurabe bisa jerin da aka ambace su a cikin aji, ba bisa jerin da magini ya rubuta ba. In gurbin jimla ya riga gurbin farashi, za a lissafa jimla tun farashi bai shiga ba.

Sai mako mai zuwa, in Allah ya kai mu.