Ɗakin Shan Magani A Ƙasar Tambuwal Da Kebbe: Riƙonsa Shi Ne Amfaninsa

Mutumin Sanyinna ko na Kuchi, in ɗansa ya kwana da zazzaɓi, ko naƙuda ta kama matarsa da tsakad dare, ba asibitin koyarwa na Jami'ar Usmanu Danfodiyo da ke Sakkwato za shi fara nufa ba. Ko babban asibitin Tambuwal da na Kebbe sun yi wa mutanen ƙauyuka da yawa nisa, balle da damina sa'ad da hanyoyi kan ɓaci. Inda za shi fara zuwa shi ne ɗakin shan magani na gundumarsu. Saboda haka abin da ya tarar a can, ko ƙofa buɗe ko ƙofa kulle, shi kan raba tsakanin ciwon kwana uku da rashin da ba a mantawa.

A ƙasar Ingila, tun shekarar 1948 da anka kafa hukumar lafiya ta ƙasa duka, mutum shina da likitan da anka rubuta sunansa a wurinsa, ana ce masa likitan iyali. Shi ake fara kai wa kuka, shi ke ajiye takardun ciwon uba da uwa da 'ya'ya, shi ke tura mutum babban asibiti in abu ya fi ƙarfinsa. A ƙauyukan Tambuwal da Kebbe likitoci ba su wadata ba, don haka wanga aiki ya faɗa wuyan malamin asibiti da ungozoma. Su ne likitocin iyali na talaka, ko da ba a kiransu haka.

Neman magani ba baƙon abu ba ne ga mutanen wagga ƙasa. Sarkin Musulmi Muhammadu Bello, wanda ya rasu a 1837, ya yi talifi a kan ciwon ido da basur. Zamanin En'e an san disfensare, har 1976 sa'ad da anka kawo ƙananan hukumomi. A 1978 ƙasashen duniya sunka taru a birnin Alma-Ata, sunka yarda cewa a kai kiwon lafiya kusa da gidajen mutane. Farfesa Olikoye Ransome-Kuti, wanda ya riƙe ministan lafiya daga 1985 zuwa 1992, shi ya ɗauki wagga magana da ƙarfi a Nijeriya, kuma a 1992 anka kafa hukumar tarayya mai lura da kiwon lafiya a matakin farko. To, doka da gini duk an samu. Abin da ya rage shi ne riƙo.

Ana gane ɗakin magani mai kyakkyawan riƙo da abu huɗu. Na fari, a tarar da ma'aikaci dare da rana, domin haihuwa da farfaɗiyar zazzaɓi ba su san lokacin tashi daga aiki ba. Ma'aikacin da anka turo ƙauye amma shina kwana birni, sunansa kaɗai ke ƙauye. Shi ma kuwa shina da nasa haƙƙi: wurin kwana, da ruwa, da albashi kan lokaci, da tsaro.

Na biyu, magani da kayan awo. Tun 2010 Hukumar Lafiya ta Duniya ta yi umurni a gwada jini kafin a ba da maganin zazzaɓin cizon sauro, gwajin kuwa ba ya wuce minti 20. Inda ba a gwadawa, sai a yi ta ba yaro maganin sauro alhali ciwon huhu ke cinsa. Allurar rigakafi kuma sai an ajiye ta cikin sanyi tsakanin ma'auni 2 zuwa 8, in firjin ya mutu ba a gyara ba, an yi wa yaro allurar banza ke nan.

Na uku, rubutu. Katin awon ciki da katin rigakafi su ke sa malamin asibiti shi san gida kamar yadda likitan iyali ke saninsa. Da su za shi gane matar da ta yi zubar jini a haihuwar bara, da yaron da bai dawo allura ta uku ba, shi aika a nemo su. Na huɗu, sanin iyaka. Jijjiga, da naƙudar da ta daɗe, da ciwon sanƙarau, ba na ɗakin magani ba ne. Mai hankali shi ne wanda ke rubuta takarda da wuri, a sami mota, a nufi Tambuwal ko Kebbe ko Sakkwato tun mutum shina da sauran ƙarfi.

Mai karatu shina iya cewa, to ina kuɗin yin wannan duka? A 2014 anka sa hannu ga dokar lafiya ta ƙasa, wadda ta ce a riƙa ware abin da bai kasa kashi 1 cikin 100 na kuɗin shigar gwamnatin tarayya ba, domin kiwon lafiyar talakawa. Dokar ta raba kuɗin haka: kashi 50 na inshorar lafiya, 20 na magani da allurai, 15 na gyaran gini da kaya da sufuri, 10 na ma'aikata, 5 na taimakon gaggawa. An fara sakin kuɗin a 2019, da nufin kowace gunduma ta sami ɗakin magani guda mai aiki sosai. Jihar Sakkwato tana da gundumomi 244 cikin ƙananan hukumomi 23. Wani kaso shina shiga asusun ɗakin magani kai tsaye, kuma kwamitin raya gunduma, watau mutanen gari da anka zaɓa, shina da hannu ga yadda ake kashe shi.

An riga an ga abin da irin wanga kwamiti ke iyawa. A 2013, zamanin Gwamna Aliyu Magatakarda Wamakko, Sakkwato ta zama jiha ta farko a Nijeriya da ta raba magunguna biyu har cikin gidaje: ƙwayoyi uku na tsai da zubar jini bayan haihuwa, da man shafawa ga cibiyar jariri. Ba likitoci sunka kai su ɗakunan mata ba. Masu aikin sa kai ne da amintattun gari, a ƙarƙashin kwamitocin gunduma.

Saboda haka kada hakimai da dagatai da limamai da shugabannin mata na Tambuwal da Kebbe su ɗauka ɗakin magani kayan gwamnati ne da ba ruwan kowa da shi. Ya kamata kowane wata kwamiti shi zauna da mai riƙon ɗakin, a buɗe littafin kuɗi da na magani, a tambayi nawa ya shigo, me anka saya, mata nawa sunka haihu a nan, yara nawa sunka cika allurarsu, wa anka tura babban asibiti kuma yaya ya ƙare. Ma'aikacin kirki ba shi ƙin wagga tambaya, domin ita ke wanke shi, ita ce kuma hujjar da za a kai wa ƙaramar hukuma da hukumar jiha in ana neman ƙarin ungozoma ko gyaran firji. Allah shi ƙara wa jama'a lafiya, amin.